Ƙaramin Jirgin Bauci

Cikin hanyoyin jirgin ƙasa da aka shimfiɗa a Nijeriya ta Arewa akwai wata 'yar siririya wadda ta tashi daga Zariya ta nufi Jos, ta tuƙe a Bukuru. Tsawonta mil 143 ne. Turawa suka sa mata suna Ƙaramar Hanyar Jirgin Bauci, ko da yake jirgin nan bai taɓa ganin ganuwar Bauci ba har ya mutu. Dalilin sunan shi ne, a zamanin nan tudun Jos cikin Lardin Bauci yake, sai a 1926 aka yanke shi aka yi Lardin Filato.

Kuza ce ta jawo jirgin. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai sun san ta. Suna wanke ta a rafi, su narka, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwanni masu nisa. Da Turawan Kamfanin Neja suka ga irin tsinkayen nan a hannun fatake, sai suka bi diddigi har suka hau tudu, suka kafa zango a Naraguta. Wajen 1910 labari ya game birnin London, kamfanoni suka yi ta ɓullowa, kowa na neman fili.

Amma haƙo kuza daban, fid da ita daban. Kuza aba ce mai nauyin tsiya, ɗan buhun da yaro zai raina sai ƙato ya yi nishi kafin ya aza shi a ka. Ga shi kuwa ba hanyar mota, ba ta jirgi. Sai 'yan alaro ke ɗaukarta, su gangara daga tudu, su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, a nan a zuba ta jirgin ruwa zuwa bakin teku. Injunan da ake bukata a wurin haƙa su ma da ka ake hawo da su, gunduwa gunduwa. Kuɗin dako ya cinye riba, mutane kuma suka jigata. Masu kamfanoni suka dami Gwamnati da kuka, suka ce in ba jirgi aikin ba zai yi albarka ba.

Ana cikin haka sai babbar hanyar da ta taso daga Baro ta ratsa Zariya, ta isa Kano a 1911. Aka ga ashe daga Zariya ne tudun ya fi kusa. A shekaran nan aka soma aiki.

A nan ne aka yanke shawarar da ta zama ajalin jirgin tun ba a haife shi ba. Babbar hanya faɗinta, watau tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ƙafa 3 ne da inci 6. Amma wannan sai aka ce a yi ta ƙafa 2 da inci 6. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Siririyar hanya ta fi araha, ba ta bukatar manyan gadoji, tana kuma iya lanƙwasa ta kewaye dutse inda babba sai an fasa shi. Ban da haka akwai kayan wata tsohuwar 'yar hanya mai wannan faɗi, wadda aka yi daga Barijuko a bakin Kogin Kaduna zuwa Zungeru, ta daina aiki, aka kwaso su aka ƙara. Kuma ba wanda ya tabbata kuzar za ta daɗe, don haka Gwamnati ta ƙi zuba dukiya mai yawa. An yi tsimi a ranar, aka biya daga baya.

Aikin kuwa da hannu aka yi shi, da diga da shebur da kwando. Leburori ta hannun sarakuna da hakimai aka samo su, a ce wa kowane dagaci ya kawo mutum kaza. Ana biyansu lada, gaskiya ne, amma da yawa ba da son ransu suka bar gonakinsu ba. Zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ne, shi ne ma ya yi Waƙar Diga a kan aikin hanyar jirgi. Hanya ta bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru, ta kai Rahama a 1912. Nan ta ɗan dakata, 'yan alaro suka koma sauke kaya a Rahama maimakon Loko. Sa'an nan aka ci gaba zuwa Jingir, inda wuyar aikin take, gama daga nan ƙasa ta miƙe tsaye, Jos kuwa tana bisa wajen ƙafa 4,000 daga teku. Kafin ƙarshen 1914 jirgi ya yi kuka a Bukuru.

Shekara goma sha uku ƙaramin jirgin nan shi ne ƙofar tudu. Ya sauko da kuza, ya hau da injuna da kwano da siminti. Ya hau da dawa da gero daga ƙasar Zazzau, don leburorin kuza ba su noma, ƙasar tudu kuma ba ta iya ciyad da su. Ya hau da mutane, Kanawa da Zazzagawa da Barebari, Yarabawa da Ibo, masu neman aiki da masu neman ciniki. Jos da ke ɗan ƙauye ta zama gari.

Aibinsa kuwa a tashar Zariya yake bayyana kullum. Taragon ƙaramar hanya ba ya hawa babba, na babba ba ya hawa ƙarama. Saboda haka duk buhun da ya zo daga Jos sai an sauke shi an sāke lodi, duk injin da ya zo daga Ikko haka nan. Ga ɓata lokaci, ga kuɗin 'yan dako, ga ɓarna. Kan jirgin kuma ƙarami ne, ba ya jan kaya da yawa, in ya zo hawa sai ya yi ta haƙi.

A 1927 hanyar Gabas da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu ta haɗu da ta Arewa, aka fid da reshe mai cikakken faɗi daga Kafanchan zuwa Jos. Mil goman nan na tsakanin Jos da Bukuru aka buɗa su suka koma babbar hanya. Tun daga ran nan kuza ta sami hanyar teku ba tare da sauke-sauke ba, kwal na Inugu kuma ya riƙa hawowa kai tsaye. Abin da aka haifi ƙaramin jirgi dominsa ya kuɓuce masa.

Duk da haka bai mutu nan da nan ba, ya ƙara shekara talatin. Sai dai ya tashi daga jirgin kamfani ya zama na talakawa, na mai buhun hatsi da mai ƙunshin auduga da matar da za ta ganin gida. Garuruwan da ke bakin hanyar suka rayu da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kama ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzarta ta can, aka matsa wa tudun Jos, har aka riƙa kamo mutane aikin tilas daga larduna. Bukatar hatsi ta ƙaru, jirgin ya sāke shan lodi.

Bayan yaƙi sai motoci suka yawaita a hanyar Zariya zuwa Jos. Mota ta fi shi sauri, tana kuma tsayawa inda mai kaya ya so. Kawunan jirgin sun tsufa, abin da yake samu bai kai abin da ake kashe masa ba. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da aka kafa a 1955 ta duba lissafi, ta rufe hanyar a ƙarshen Satumba 1957. Aka ciccire ƙarafan, aka ajiye waɗansu kawunan jirgin da taragu a gidan kayan tarihi na Jos.

Garin Bauci kuwa sai a 1961 ya ga jirgi, bisa babbar hanyar da aka ja daga Kuru, wadda ta wuce ta Gombe ta kai Maiduguri a 1964.