Natsuwar Maharbi: Daga Tabkin Kwatto Zuwa Satiru

Makalar wannan mako ta shafi wani abu da ba a cika ba shi haƙƙinsa a labaran yaƙi da farauta ba, wato halin da maharbi yake shiga kafin ya saki kibiya ko ya ja kunamar bindiga. Masu gasar harbin nesa na yau suna ba da labarin wani lokaci da hayaniya takan ɗauke musu, numfashi ya daidaita, ba sa ganin komai sai abin da suka yi wa bara. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya fitar da littafi a kan wannan nutsewa cikin aiki a 1990. Mu kuwa a ƙasar Sakkwato, tarihinmu ya riga ya nuna mana amfanin natsuwa, ya kuma nuna mana iyakarta.

Mu fara daga Bodinga. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da Shehu Usmanu yake Sifawa, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815. A wannan zamani, cikin 1813, Malam Abdullahi ya kammala Tazyinul Waraƙati, littafin da ya ba da labarin yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yunin 1804, wanda shi ne ya jagoranci jama'a a cikinsa. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade masu lifidi da mataimaka Azbinawa. Jama'ar Shehu dawakinsu kaɗan ne, ƙarfinsu 'yan baka ne. Ɗan baka kuwa in ya ga doki ya taho a sukwane, zaɓinsa biyu: ya saki kibiya da wuri ta faɗi a banza, ko ya daure har dokin ya shigo inda kibiya za ta ci. 'Yan bakan sun tsaya, rundunar Gobir ta watse.

Bayan shekara 99 sai makami ya canza. Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta gamu da sojojin Ingila masu igwa da bindiga mai ruwa. Harsashi yana isa inda kibiya ba ta ko kusa, don haka mazajen da suka tsaya a gindin tuta sun faɗi tun ba su kai ga abokan gaba ba. A nan natsuwa da jarumta ba su wadatar ba, kuma marubucin da ya ɓoye wannan ya zalunci waɗanda suka mutu.

Sai kuma Satiru, ƙauyen da ke tsakanin Danchadi da Dange, wanda mutanensa suka yi wa mulkin Turawa tawaye. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 aka tura musu sojojin doki masu bindigogi. Razdan Hillary ya wuce gaba don ya yi magana da mutanen gari, Laftanar Blackwood ya matsar da sahun sojoji don ya kāre shi, kafin sahun ya sake daidaita sai mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanya da baka. Dawaki suka firgita, harbi ya tafi ko'ina. Aka kashe Hillary da Scott da Blackwood da sojoji sama da 20, aka ƙwace bindiga mai ruwa. Bindigar nesa a hannun wanda ya ruɗe ba ta fi sanda ba. Amma ranar 10 ga Maris sojoji suka komo a shirye, suka tsaya a sahu, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin.

Me wannan zai amfana wa mai rubutu? In za mu sa maharbi a labari, kada mu tsaya a ƙarar bindiga. Mu rubuta jiran da ya yi, da yadda ya karanta iska, da gumin tafin hannunsa, da tsirkiyar da ya ja har kusa da kunne, da dafin kwankwani da ke bakin kibiyarsa. Mu kuma rubuta abin da ya biyo bayan harbin, domin kowace kibiya da ta ci, wani gida ta shiga.

Wannan ilimi bai ƙare ba tukuna. A ƙauyukan Shagari da Bodinga akwai tsofaffin maharba, kuma sarautar Sarkin Baka tana nan a ƙasar Hausa. Wanda yake kusa ya je ya gaishe su, ya tambaye su me suke ji a ransu kafin su saki harbi, ya rubuta da kalmominsu tun suna raye. Wanda ya samo wani abu ya kawo mana nan mu ƙaru. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.