Hannun ɗan barga: wani gefe na tarihin doki a ƙasar Hausa

Hausawa na cewa dokin mai baki ya fi gudu. Haka tarihin dawakinmu ya iso gare mu: ta bakin maroƙa da makaɗa, waɗanda suka adana sunan sarki da na barde, suka bar mutumin da ya kwana a gindin turke. A yau, a Faransa da Amurka, tausar doki da duba jikinsa da hannu sun zama sana'a mai makarantu da takardun shaida. A 2017 ma gwamnatin Faransa ta kafa ƙa'idojin da wanda ba likitan dabbobi ba zai cika kafin ya yi aikin gyaran gaɓoɓin dabba. Wannan ya isa ya sa mu waiwayi bargar kakanninmu, mu ga matsayin da hannu yake da shi a cikinta.

Da farko dai, doki dukiya ce mai tsada. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. A ƙarni na 16, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Lewon na Afirka, ya ba da labarin cewa a Barno ana musanya doki ɗaya na arewacin Afirka da bayi 15 zuwa 20. Ga tsada, ga kuma wuyar riƙo: ƙudan tsando na hana doki daɗewa a kudu, damina na zuwa da cututtuka, sannan ingarman da ke ɗauke da lifidinsa da mahayi mai sulke yana aiki ne a ƙarƙashin nauyi da zafi. Wanda ya sayi irin wannan dabba bai da halin sakaci da ita.

Shi ya sa kula da doki ta shiga cikin tsarin sarauta. Akwai Madawaki da Ubandawaki, a fadar Kano kuwa akwai Shamaki, bawan sarki mai riƙe da barga. Ƙarƙashin waɗannan manya ne ake samun zagage da yaran barga, akasarinsu bayi ne ko barori. Bayan faɗuwar Katsina a 1807, sarakunanta da suka kafu a Maraɗi sun yi shekaru suna kai hari da dawaki, musamman a zamanin Ɗan Baskore. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi da igwa, amma bai yar da rundunar dawaki ba. Duk dokin da ya fita irin wannan yaƙi ya komo, akwai wanda ya tarbe shi ya kwance masa sirdi.

Aikin wannan mutum daga asuba yake farawa. Zai share turke, ya kawo harawa da dawa ko gero, ya jiƙa dusa da kanwa. Dokin da ake so ya yi ƙiba akan yi masa ɗura da hannu. Idan an komo daga tafiya, sai a zagaya da shi har gumi ya tsane, a wanke shi, a murje jikinsa tun daga wuya har gindin wutsiya. A nan ne tafin hannu ke zama ido: shi ke jin zafi a ƙafa tun doki bai fara ɗingishi ba, shi ke gane kumburi a inda sirdi ya zauna tun bai zama gyambo ba. Da yake dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, duba kofato ma na cikin aikin kullum. Kuma doki ba a nesa da mutane yake zaune ba. Turkensa na cikin gida, inda ake jin motsinsa da dare.

Binciken zamani ya gaskata wani sashe na wannan sani. A 1993, masu bincike a kan dawakin yankin Kamarg na kudancin Faransa sun nuna cewa susa a gindin wuya, wurin da dawaki ke yi wa junansu, tana rage bugun zuciyar doki. Ɗan barga bai san ƙidayar bugun zuciya ba, amma ya san inda zai ɗora hannu doki ya sunkuyar da kai.

Sai dai kada son gida ya rufe mana ido. Bargar da ta san tausa ita ce kuma ta san lalas da ƙarfe mai zafi, da linzami mai kaifi da ke fasa baki, da ƙaimi mai zubar da jini. Hannu kuma ba ya warkar da sammore. Wannan sai maganin likita. Kuma mu tuna cewa da yawa daga masu wannan gwaninta ba da son ransu suka shiga barga ba.

Daga yaƙin Tirmini na 1899, inda bindigar Faransa ta karya rundunar Damagaram, doki ya fara sauka daga matsayinsa. Mota da babur sun ƙarasa sauran. Yanzu sai a hawan Salla da filin sukuwa da ƙofar sarakuna ake ganin akawal da kili da bidi da hurde. Na taɓa tambayar ɗalibaina ma'anar waɗannan sunaye huɗu. Kaɗan ne suka san cewa launin doki ake nufi.

Saboda haka ga kira ga malamai da ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi da Damagaram da Tawa. Har yanzu akwai tsofaffin masu kula da dawaki a fadoji da ƙauyuka. A je da ɗalibai a zauna da su a gindin turke, a rubuta sunayen gaɓoɓi da na cututtuka da na kayan doki, a ɗauki hoton yadda suke aza hannu. Wannan sani ba a littafi yake ba, kuma masu shi tsufa suke yi.