Daga taman Dala zuwa rijiyoyin Bagega

Mu 'yan Ƙofar Mazugal haƙar ma'adinai ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun wajen ƙarni na 7 ake haƙar tama ana narka ta a gindin Dala, kuma da zugar maƙera ake danganta sunan ƙofar tamu. Wato sana'ar ta girmi ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa.

Sai dai ramukan da suka fi damun rijiyoyin cikin birni ba na tama ba ne, na ƙasar gini ne. Duk kududdufin da ka sani, gidaje ko ganuwa aka ɗiba a cikinsa. Damina ta cika shi, kwata da shara su biyo baya, rijiyar maƙwabci kuwa gaba kaɗan ce, daga nan take sha. Clapperton a 1824 da Barth a 1851 duk sun yi ƙorafin ruwan da ke kwance a tsakiyar Kano. Amma wannan ƙazanta ce da hanci ke ji, ido ke gani.

Ta Zamfara ce ba a gani. A 2010 likitocin MSF suka tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma. A kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a wanke a bakin rijiya ko tafki. Ƙurar ce ta fi yin kisa, don yaro mai rarrafe hannu baka hannu ƙasa yake, amma ruwan wankin ma ya koma inda ake ɗiban na sha. Yara akalla 400 suka rasu, Allah Ya jiƙan su. Bagega kuwa sai 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, shekara uku fa! A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Jama'a, dalma ba ta da wari, ba ta sauya kalar ruwa, tafasawa ba ta fitar da ita. Sai an kai ruwan ɗakin gwaji.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, Riruwai ce a Doguwa. Tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a can, dutsenta akwai dalma a ciki, yanzu kuma harkar na sake tashi. A dokar 2007 ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, lasisi daga Abuja yake fitowa, rijiya kuwa ta mai gida ce. A ganina kafin a sa hannu a kowace takarda, a auna ruwan rijiyoyin unguwannin da ke kusa, a ba dagaci kwafin sakamakon ya ajiye. In ba haka ba, ranar da ruwan ya lalace, da me mai gida zai nuna wa alƙali yadda yake a da?