Ƙwan da ya zama kai, a cikin kakarka aka gina shi

1/ Jama'a, kakarka ta wajen uwa ta ɗauki rabinka a cikinta tun babarka tana tayi. Ku biyo ni ku ji yadda aka gano.

2/ A 1827 Karl Ernst von Baer ya fara ganin ƙwan dabba mai shayarwa, a jikin karya. A 1870 Bajamushe Waldeyer ya ce da ƙwayayenta ake haihuwar mace, ba ta ƙara sababbi. Aka yi ta musu, har Solly Zuckerman ya ƙarfafa maganar a 1951.

3/ A 1963 T.G. Baker ya zauna ya ƙirga. Tayi mace mai wata 2 tana da kusan 600,000. Suna ta rabuwa suna ninkuwa, a wata na 5 su kai kusan miliyan 7. Daga nan sai mutuwa. Ranar haihuwa saura miliyan 1 zuwa 2.

4/ A balaga saura dubu 300 zuwa 400. Duk rayuwa kamar 400 zuwa 500 ne ke fita. In sun kusa ƙarewa, al'ada ta ɗauke. Ba asirin kishiya ba ne wallahi.

5/ To ’yan Kankia da Kusada, mai cikin ’ya mace wata 5 da ke surfe da ɗebo ruwa, ƙwan jikokinku take ɗauke da shi. Ku kai ta awo, ku sauke mata turmin nan.