Turancin da Ɗalibin Likitanci Yake Buƙata

A jami'o'in Najeriya, daga Ahmadu Bello ta Zariya zuwa Bayero ta Kano, da Turanci ake koyar da likitanci tsawon shekara shida. Ɗalibi ba ya samun gurbi sai ya ci Turanci a WAEC ko NECO da kuma JAMB. Amma Turancin da ya shigar da shi jami'a bai isa ya fitar da shi likita ba.

A 1987 masana koyar da harshe, Hutchinson da Waters, sun kasa buƙatun mai koyon harshe gida uku: abin da aikinsa ya wajabta masa, abin da ya rasa, da abin da shi kansa yake so. Idan aka auna ɗalibin likitanci da wannan ma'auni, za a ga buƙatarsa tana sauyawa da matakin karatu.

A shekarun farko karatu ne kan gaba. Littattafan ilimin sassan jiki cike suke da kalmomi masu tushen Girkanci da Latin. Wanda ya san cewa ɗafin "-itis" kumburi yake nufi, ya huta da haddar kalmomi da yawa.

Nauyin gaske yana asibitin koyarwa. Tsohuwa ta ce wa ɗalibi, "Ɗan nan, sanyi ke damuna." Sanyi kuwa yana iya zama ciwon gaɓoɓi, yana iya zama cutar mafitsara. Dole ɗalibin ya bi ta da tambayoyi cikin Hausa, ya rubuta bayanin a katinta da Turanci marar harshen damo, sannan ya gabatar da shi a taƙaice gaban babban likita lokacin zagayen majinyata. Kuskuren kalma ɗaya a nan yana iya sauya magani.

Bayan kammalawa akwai rubuta rahoton bincike da takardar tura majinyaci wani asibiti. Mai neman aiki a Ingila kuma, hukumar likitocin ƙasar tana neman maki 7.5 a jarrabawar IELTS, ko matakin B a OET.

Darasin Turanci na bai-ɗaya da ake yi a shekarar farko bai taɓo yawancin waɗannan ba. Ya kamata tsangayoyin likitanci su haɗa malaman harshe da likitoci su tsara darasi na musamman da zai bi ɗalibi har bakin gadon majinyaci, a koyar da shi tare da fassara tsakanin Hausa da Turanci.