Zafin da yumɓu ya ajiye: tarihin gumi a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan

A shekarar 1926, kamfanin da ke tafiyar da jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan ya manna wata fosta a tasoshinsa, zanen Frederick Charles Herrick, tana kiran jama'a da su sauko ƙasa domin can ya fi sanyi. Da shekara ta zagayo sai Herrick ya zana abokiyar tagwaitakarta, wadda ke cewa a lokacin hunturu ƙasa ta fi ɗumi. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Yumɓun da aka haƙa hanyoyin jirgin a cikinsa ba ya bin sauyin yanayin sama, yana nan a wajen digiri 14 na ma'aunin Salshiyas rani da damina, don haka wanda ya baro rana a titi ya gangara tasha sai ya ji kamar ya shiga zaure mai kaurin bango.

Wanda ya hau layin Central ko na Victoria da ƙarfe shida na yamma a watan Yuli na wannan zamani zai ɗauki fostar nan a matsayin ba'a. Zafin wasu tasoshin yakan haura digiri 30, na cikin tarago kuma ya fi haka idan an cika. Kusan duk bazara jaridun Birtaniya sai sun tuna wa masu karatu cewa ƙa'idar Tarayyar Turai ta safarar dabbobi a doguwar tafiya digiri 30 ta yanka a matsayin iyaka, wato ana jigilar ma'aikatan banki da na asibiti a yanayin da ba a so a jigilar shanu. Abin da ya faru tsakanin fostar Herrick da wannan ƙorafi labari ne na bashi: shekara ɗari da 'yan kai ana zuba zafi a cikin ƙasa, ana zaton ba ta cika.

Damuwar farko ma hayaƙi ce. Layin Metropolitan, wanda aka buɗe ranar 10 ga Janairun 1863 tsakanin Paddington da Farringdon, shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, kuma injin tururi mai cin kwal ke jan taragunsa na katako. Ba a yi nisa da haƙa ba. Titi ake tonewa, a shimfiɗa dogo, a rufe da rufin bulo, a maido da titin a sama. An ƙera injunan yadda za su riƙa mayar da tururinsu cikin tankin ruwan sanyi maimakon su fesa shi a rami, amma ruwan kan yi zafi nan da nan, hayaƙin kwal kuwa ba shi da tankin da zai shiga. Fasinjoji na fitowa suna tari, idanu jawur, tufafi na warin farar wuta. Hukumomin kamfanin har sun taɓa da'awar cewa wannan iska tana yi wa masu ciwon asma amfani, maganar da ba ta hana gwamnati kafa kwamitin bincike a kan iskar layin ba a 1897. Maganin da aka samu shi ne huda: aka riƙa barin wurare a buɗe domin jirgi ya yi numfashi. A unguwar Bayswater, a titin Leinster Gardens, har yau akwai gidaje biyu masu lamba 23 da 24 waɗanda fuska ce kawai, ga ƙofa ga tagogi amma babu ɗaki ko ɗaya a bayansu, an gina su ne don su ɓoye wani buɗaɗɗen wuri da injuna ke sauke hayaƙi.

Waɗannan huje-huje da faɗin ramukan, da aka yi saboda hayaƙi, su ne suka ceci tsofaffin layukan bayan shekara ɗari da hamsin. Za a dawo kansu.

Wutar lantarki ce ta kawo sabon salo. A 1890 aka buɗe layin City and South London, wanda ya bi ta ƙarƙashin kogin Thames, a cikin rami zagayayye da aka haƙa can ƙasa da garkuwar haƙa ta injiniya James Henry Greathead. Tun da babu hayaƙi, masu ginin ba su ga dalilin faɗaɗa rami ba, ga shi kuma duk ƙarin faɗi ƙarin ƙasa ce da za a kwashe da ƙarin ƙarfen da za a jera a bango. Sai aka yi shi ɗan tsukuku, faɗinsa mita 3 da 'yan kai, aka ƙera jirgin daidai da shi kamar takobi da kube. Taragun farko tagoginsu 'yan siraran tsagu ne a can sama, bisa hujjar cewa babu abin kallo a rami. Layukan da suka biyo baya, Central a 1900, sai Bakerloo da Piccadilly a 1906, an ɗan ƙara musu faɗi zuwa wajen mita 3 da rabi, amma tunanin bai sauya ba. An dogara ne da cewa jirgin da kansa zai riƙa tura iska gabansa yana jawo wata a bayansa, kamar yadda zugazugin maƙeri ke yi. Ƙorafin fasinjojin wancan lokaci a kan wari ne, shi ya sa a 1911 aka kafa wa layin Central na'urorin da ke hura iska mai haɗe da ozon don a kashe ɗoyin rami. Zafi bai shiga lissafi ba, domin yumɓu na shanye shi ba tare da kowa ya lura ba.

Daga ina zafin ke fitowa? Mutum zai yi zaton daga jikin fasinjoji ne, ganin yadda ake cunkushewa, amma kason jikin ɗan Adam bai kai ɗaya cikin goma ba. Mafi yawansa daga jirgin kansa ne, musamman birki. Jirgi mai nauyin tan ɗari da ɗoriya da ke gudu, idan aka tsayar da shi, ƙarfin gudun nan ba ya ɓacewa, zafi yake komawa. A layin da jirgi ke tsayawa a tasha bayan kowane minti biyu, daga asuba har tsakar dare, wannan tamkar hura wuta ne a ɗaki marar taga. Ƙididdigar da hukumar sufurin Landan ta yi ta nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na wannan zafi bangon rami da yumɓun da ke bayansa ne ke shanye shi, abin da fankoki ke fitarwa kuwa wajen kashi 10 ne kawai.

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa ya san hikimarsa: bango na shan zafin rana yini guda, da dare ya sake shi ga iska, kafin gari ya waye ya huce ya shirya ɗaukar wani. Yumɓun Landan ba shi da dare. 'Yan sa'o'in da jirage ke hutawa ba su isa ya huce ba, kuma babu sararin sama a kansa da zai miƙa wa abin da ya ɗauka. Shekara bayan shekara ya yi ta ɗumama, har ya kai tsakanin digiri 19 da 26 a kewayen ramukan. Da ya ɗumama kuwa sai ƙarfin shansa ya ragu, abin da ya rage ya tsaya a iskar da fasinja ke shaƙa. Kowane ƙarin jirgi da aka saka a layi don rage cunkoso ƙarin itace ne a murhun.

A nan ne nauyin ya koma kan jikin fasinja. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da iska ke busarwa a bayanta. A taragon da mutane suka tsaya ƙirji da baya, iskar ta riga ta jiƙe da numfashi da zufar wasu, kuma ba ta motsi, don haka gumin sai ya kwarara a banza, riga ta jiƙe, jiki bai huce ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi jiƙewar riga. Zafi na buɗe jijiyoyin jinin da ke fata, doguwar tsayuwa wuri ɗaya na sa jini ya taru a ƙafafu, idan aka haɗa da ƙishirwa ko fita ba karin kumallo, jinin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa sai ya ragu, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wannan ne ya sa duk bazara hukumar ke cika tasoshi da sanarwar a riƙe gorar ruwa, kada wanda ba ya jin daɗi ya hau jirgi, kuma idan wani ya suma a jira a isa tasha kafin a ja ƙararrawar gaggawa. Shawara ta ƙarshen tana da dalili mai ƙarfi: jirgin da ya tsaya a tsakiyar rami ya daina zuga iska ke nan. A bazarar 2001 dubban fasinjoji sun maƙale a layin Victoria na fiye da sa'a guda, ɗaruruwa daga cikinsu sai da ma'aikatan agaji suka duba su saboda zafi.

Mazauna birnin sun koyi nasu dabarun, waɗanda ba a rubuta a fosta. Akwai ƙaramar taga a ƙofar da ke ƙarshen kowane tarago a tsofaffin jirage, kuma wurin tsayuwar da ke gabanta shi ne mafi daraja a watan Yuli, duk da ƙara da ƙurar da ke shigowa tare da iskar. Ana saɓa kwat a hannu sai an isa ofis, ana ajiye rigar canji a durowa, ana zaɓen auduga a kan yadin roba. Wasu kan yi sammako, wasu kan zagaya ta layi mai nisa don kauce wa Central. Mafici na hannu ya dawo, sannan ƙananan fankoki masu batir suka bi shi. Dukkansu dabarun marar iko ne, kuma ba kowa ke da zaɓi iri ɗaya ba. Tun bayan 2020 ma'aikacin ofis na iya zama a gida ranar da aka yi hasashen zafi, amma mai shara da maigadi da ma'aikaciyar jinya dole su sauka ramin.

Tambayar da kowane baƙo ke yi ita ce me ya hana a saka na'urar sanyaya iska. Amsar tana cikin yadda na'urar ke aiki: ba ta kashe zafi, kwashe shi take yi daga ciki ta zubar a waje, har da ƙarin nata. A rami mai zurfi, wajen nan shi ne ramin da dakalin da fasinjoji ke jira. New York ta fara sanyaya taragunta tun ƙarshen shekarun 1960, kuma masu jiran jirgi a tasoshinta ne ke biyan kuɗin da guminsu. A Landan akwai ƙarin cikas, domin tsakanin rufin jirgi da saman rami babu wurin da za a ɗora na'urar. A 2003, shekarar da Turai ta sha zafin da ya kashe dubban mutane, magajin garin Landan Ken Livingstone ya sa ladar fam 100,000 ga duk wanda ya kawo mafita. Dubban shawarwari sun shigo, ba a ba kowa ladar ba.

Abin da aka samu tun daga nan nasara ce a gutsure. A 2006 an gwada sanyaya tashar Victoria da ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda dama ake zuƙewa don kada ya cika ramuka, daga baya aka haƙa rijiyoyin burtsatse don irin wannan aiki a Green Park. An ƙara wa fankokin layin Victoria ƙarfi. Sababbin jirage sun zo da birkin da ke mayar da wani kaso na ƙarfin gudu zuwa wayar lantarki maimakon ya zama zafi, wanda shi ne ya fi kusa da magance cutar daga tushe. Tsofaffin layukan zamanin tururi kuwa, Metropolitan da District da Circle da Hammersmith and City, sun fara samun jirage masu sanyi daga 2010, saboda faɗi da hujin da aka bar musu don hayaƙin kwal sun ba zafi hanyar fita. Layin Elizabeth da aka buɗe a watan Mayun 2022 an haƙa shi da faɗi tun farko, da sanyaya a cikin tsarinsa. Wata biyu bayan buɗe shi, ranar 19 ga Yuli, zafi a Birtaniya ya haura digiri 40 a karon farko tun da aka fara ajiye ƙididdiga.

Ba a rami kaɗai aka yi kuskuren lissafi ba. Sabuwar motar bas mai hawa biyu da aka fito da ita a 2012, zanen Thomas Heatherwick, an ƙera ta ba tare da tagogi masu buɗewa ba, bisa dogaro da na'urar sanyaya iskar da ta kasa. Bayan 'yan bazara na ƙorafi, sai da aka kashe wajen fam miliyan 2 aka saka mata tagogin da motocin da ta gada suke da su tun asali.

Ga layuka masu zurfi, fatan yana kan jirage 94 da aka ba kamfanin Siemens kwangilar ƙera wa layin Piccadilly a 2018, waɗanda aka rage musu nauyi da yawan ƙafafu har aka samu wurin rataya na'urar sanyaya a ƙarƙashin bene. Zafin da za su fitar dai ramin zai koma. A unguwar Islington an samo masa wata hanya: tun 2020, wata cibiya da aka gina a kan tsohuwar tashar City Road, wadda aka rufe tun 1922, tana zuƙo iska mai ɗumi daga layin Northern, tana dafa ruwa da ita, tana turawa ta bututu zuwa gidajen unguwar da wata makarantar firamare a lokacin hunturu.