Lakwal a Cikin Akwati: Tarihin Talabijin ɗin Makaranta a Nijar

A filinmu na tarihi na wannan mako mun koma shekarar 1964, lokacin da Jamhuriyar Nijar ta fara koyar da yara karatu ta talabijin. Mun ɗauko labarin ne saboda a yau, a ɓangarorin iyaka biyu, ana ta maganar shigar da kwamfuta da wayar hannu makarantun sakandare, wato kwaleji da lise a bakin 'yan Nijar, da fatan ɗalibai su riƙa fahimtar abin da suka karanta, su kuma ƙara yawan kalmomin da suka sani. To, an taɓa yin irin wannan fata.

Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai ɗaya cikin goma ba, ƙwararrun malamai kuwa 'yan kaɗan ne. Sai gwamnatin Diori Hamani, da taimakon Faransa, ta kafa ɗakin shirya darussa a Yamai. Gwajin ya kai azuzuwa kusan 20 a kewayen birnin, yara wajen 800. Kullum akan watso gajerun darussa, kowane bai wuce kwata ɗin awa ba, da wasan kwaikwayo da zane-zane. Wanda ke tsaye a aji ba cikakken mushe ba ne. Saurayi ne da ya gama firamare, aka ba shi horo na 'yan watanni. Aikinsa shi ne, idan an kashe akwatin, ya sa yara su maimaita, su yi tambaya, su rubuta. A wasu ƙauyukan da babu lantarki, da hasken rana aka riƙa kunna akwatunan, tun kafin sola ta zama ruwan dare.

Abin ya yi armashi. Yara sun so makarantar, ba su riƙa gudu ba, bakinsu kuma ya buɗe da Faransanci fiye da na takwarorinsu. Baƙi daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa kallo. A 1971 Kodebuwa ta buɗe nata shirin a Buwake, wanda ya fi na Nijar girma nesa ba kusa ba.

Amma fa jin magana daban, karanta ta a takarda daban. Yaron da ya iya zance da Faransanci, idan ya zo shiga kwaleji, jarrabawar rubutu da nahawu ce ke jiransa, nan kuwa ba hoto, ba mai wasan kwaikwayo. A Kodebuwa iyaye da malamai sun yi ta kukan cewa yaran talabijin suna da baki amma rubutunsu da rauni, har aka rufe shirin a farkon shekarun 1980. A Nijar, ga tsadar gyaran na'urori, ga dogaro da kuɗin waje, don haka shirin bai taɓa kai ga yawancin yaran ƙasa ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka mayar da kayan aikin na gidan talabijin na ƙasa.

Ana cikin haka, a 1973, aka buɗe wata makarantar gwaji a Damagaram ba tare da wata na'ura ba. A can yaro yakan fara karatu da Hausa, sannan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. Hikimar ita ce, wanda ya iya karanta harshen da yake tunani da shi, ya riga ya san yadda ake ciro ma'ana daga rubutu, saura kawai ya koyi sababbin kalmomi. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da harshen Buzaye.

Yanzu mu dawo zamaninmu. Tun 2015 hukumar JAMB a Najeriya ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta. A 2020, da korona ta rufe makarantu, rediyo da talabijin aka koma wa. A 2022 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin karatu ta intanet. Wayar yau ta fi akwatin 1964 da abu guda: ɗalibi yana iya tsayawa, ya koma baya, ya taɓa kalmar da ta shige masa duhu ya ga ma'anarta. Sai dai idan bidiyo kawai yake kallo, to mun koma gidan jiya, kunne ya ƙoshi, ido bai saba da dogon rubutu ba.

Saboda haka, iyaye da shugabannin makarantu, idan an kawo muku na'urori, ku yi tambayoyi uku. Akwai littattafai cikakku a ciki, har da na Hausa? An horar da malamin da zai ce wa yaro ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa, ya kuma rubuta shi? Wa zai gyara idan ta lalace, bayan masu ba da tallafi sun tafi? Waɗannan tambayoyin ne suka yanke hukuncin talabijin ɗin Yamai da na Buwake.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.